Takardar Baffa mai haruffa uku

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta labarin nan amma duk sanda na fara sai kuka ya ci ƙarfina in ajiye wayar, yau dai nace ko me za'a yi sai na kai ƙarshensa. Jiya na dawo daga ƙauyenmu da kula cike da ƙananan kwalaben jini, na rungume ta a cinya a cikin mota kamar jaririya, kuma tun daga Gujungu har muka shigo Kano ba wanda nake tunawa sai Baffa.

Ni 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. An haife ni a 1993, mu bakwai ne a ɗakin Inna, ni ce ta uku. Baffa manomi ne, gero da dawa da riɗi da gyaɗa, Inna kuma sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da shi aka saya min akwatin tafiya makarantar kwana. Yadda ake yi a gidanmu, kuma nasan haka ake a gidaje da yawa, idan aka ɓare gyaɗa sai a zauna a tsince, mai kyau a ɗura a buhu a kai kasuwa, wadda ta yamushe ko ta yi baƙi-baƙi ko fumfuna ta kama ta ita ce tamu ta gida, a soya a yi ƙuli, a daka a zuba a miya. Ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan, tattali ne. Ni kaina ina yarinya in na tauna mai ɗaci sai dai in tofar in ɗauki wata.

Da damunar 2010 na dawo hutu na tarar Baffa ya rame. Mutumin da yake wuni a gona da garma sai gashi kafin hantsi ya dawo ya kwanta a zaure. Yana yawan dafa gefen cikinsa na dama, nan ƙarƙashin haƙarƙari, yace kamar an ajiye masa dutse. Aka je kyamis akace maleriya da taifot ne, aka yi allurai. Da idonsa ya koma ruwan ɗorawa sai akace ai shawara ce, aka shiga jiƙo, saiwar rawaya, sassaƙe kala-kala, har wani aka kawo daga wajen Gumel a jarka. Sai ciki ya fara tashi, ƙafafu suka kumbura, jiki kuma na ƙara zubewa. Daga nan magana ta canza, tunda dama akwai rigimar iyakar gona tsakaninsa da wani ɗan uwa sai kowa yace sammu ne. Wallahi har yau akwai gida biyu a garinmu da ba sa ga maciji saboda wannan zargin, kuma mutumin nan bai yi komai ba, Allah ya yafe mana.

Sai da aka kwashe wajen wata huɗu a haka sannan Yaya ya sayar da awaki uku muka tafi Kano, ni aka ɗauka saboda ni ce mai karanta turanci. A babban asibitin aka zuƙe masa ruwa a ciki, aka yi hoton ciki, sannan likita ya rubuta wasu gwaje-gwajen jini, a ciki akwai wani mai haruffa uku, AFP, shi ne mafi tsada, har Yaya ya tambaya ko za'a iya barinsa. Bayan kwana uku na karɓo takardar, na tsaya a baranda ina juya ta. Lamba ce kawai, dubu sha wani abu, a gefe kuma cikin ƙananan rubutu an sa abin da ya kamata a gani a lafiyayyen mutum, ƙasa da 10. Ban san me ake ƙirgawa ba amma nasan tazarar da ke tsakanin 10 da dubbai. Likitan ya kalli takardar ya kalli hoton, ya ce Baffa ya ɗan jira a waje, sannan ya ce mana ciwon daji ne na hanta kuma ya riga ya cinye wuri, ba maganar aiki. Ya ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jininsa wadda ƙila tun yana yaro take tare da shi. Sai ya faɗi maganar da ta zauna min a ƙirji har yau, yace da ana duba jinin nan nasa da hantar lokaci-lokaci da wataƙila an gani tun abin yana ƙarami.

Muka dawo gida. Baffa bai tambaye mu komai ba a mota, sai da dare na kai masa fura ya riƙe kofin ya kasa sha, yace "Uwata, me takardar tace?" Sunan mahaifiyarsa gare ni shi yasa yake kirana haka. Nace Baffa sun ce hanta ce, a ci gaba da addu'a. Ya yi shiru can yace to ki adana ta, kar ki bari ta ɓata. Ban san me yasa ya faɗi haka ba. Kwana 36 ya ƙara, ya rasu ana tsakiyar girbin gero, Allah ya jiƙansa da rahama.

Bayan arba'in Kawu yace karatu ya isa haka, a min aure a rage wa Inna nauyi. Inna mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta musa wa ƙanin mijinta ba, amma ranar tace "Malam, marigayi ya ce a bar ta ta gama, ni kuma ba zan saɓa masa yana kabari ba." Haka na gama sakandare, na zauna shekara biyu ina jarrabawa ina taya Inna murza ƙuli, sai a 2013 na samu gurbin karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a jami'a a Kano. Mutane suna tambayata me yasa ban nemi nas ko unguwarzoma ba tunda su ne aka sani a ƙauye, ni dai abin da nake so in sani shi ne me haruffan nan uku suke nufi.

Ina aji huɗu aka zo darasin. Malamin ya rubuta AFP a allo, wallahi sai da hannuna ya kama rawa. Ashe wani furotin ne, alfa-fetofurotin, wanda hantar ɗan tayi take yi da yawa tun yana cikin mahaifa, bayan haihuwa sai ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa. An fara gano shi a jinin ɗan tayin mutum a 1956. A 1963 wani masani a Mosko, Garri Abelev, ya ga furotin ɗin ya dawo a jinin ɓerayen da ke da dajin hanta, a 1964 kuma Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutane masu irin ciwon. Wato idan ƙwayoyin hanta suka lalace suka koma daji sai su koma yin abin da suka bari tun suna jarirai, su dinga zubo shi a jini. Ana auna shi da nanogiram a kowane mililita, abu ne ƙanƙani da ido ba zai taɓa gani ba, kuma in ya wuce 400 ga mai ƙari a hanta to likita ya kusa tabbatarwa. Na fita daga ajin na je bayan masallaci na yi kuka mai isata, don na gane shekara 46 kafin Baffa ya kwanta duniya ta san wannan abin, mu kuma muna can muna jiƙa saiwa muna zargin ɗan uwa.

A shekarar ne kuma na san labarin gyaɗa. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba tana fitar da wani dafi, afulatoksin, an gano shi ne bayan talo-talo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Suya ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi, hanta yake tafiya, kuma in ya haɗu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B haɗarin daji yana ninkawa sosai. Na daɗe ina tunanin yadda zan faɗa wa Inna ba tare da ta ji kamar da hannunta ta ciyar da mijinta ajalinsa ba. Ƙarshe dai cewa nayi likitoci sun ce a daina cin ta tsintuwar nan, a zubar, ko dabbobi kar a ba su. Ta kalle ni kawai, ina ganin ta gane fiye da abin da na faɗa.

Na tsallake wani abu. Tun a 2014 wata 'yar ɗakinmu ta buƙaci jini naje zan bayar, aka gwada akace ba za'a ɗiba ba, ina ɗauke da ciwon hanta na B. Ba ciwon kai ba zazzaɓi, lafiyata ƙalau. Da hutu na lallaɓa 'yan ɗakinmu aka gwada kowa, cikin mu bakwai huɗu muna da shi, har da Yaya. Biyun ƙarshe da aka haifa bayan an sa rigakafinsa cikin alluran yara a Najeriya a 2004 sun tsira. Inna ba ta da shi. Wataƙila aska ɗaya da wanzami ya yi mana amfani da ita ce, ranar suna da cire beli da kaciyar maza, ko reza ɗaya da ake yanke wa kowa farce, Allah kaɗai ya sani. Abin da littafi ya tabbatar shi ne wanda ya kamu yana jariri kusan 9 cikin 10 ƙwayar takan zauna masa har girma, babba kuwa yawanci jikinsa yana korar ta. Kuma ba mu kaɗai bane, babban binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita.

Akwai wanda muka yi shekara biyu muna tare har an kawo kuɗin gaisuwa. Na ga bai dace in ɓoye masa ba na faɗa masa, na yi masa bayanin akwai allura uku da zai yi ya kare kansa. Yace ba komai. Bayan sati biyu aka aiko a karɓi kayansu, wai mahaifiyarsa tace ba za'a kawo mata mai ciwon da ya kashe ubanta ba. Na yi wata uku ko kasuwa bana son fita in naje gida. Ban riƙe shi a rai ba yanzu, tsoro ne da rashin sani, irin wanda mu ma muka yi. Wanda na aura a 2019 shi da kansa ya je ya yi gwaji ya yi alluransa ya kawo min katin kafin a ɗaura.

Tunda na fara aiki na ɗora wa kaina dokar da likitana ya ba ni, duk wata shida gwajin AFP da hoton hanta. Kullum lambata 3 ko 4. To a 2021 sai na fara jin kasala, abinci baya min daɗi, zani ya fara matse ni a ciki. Al'adata dama tun ina budurwa ba ta da tsari, sai in yi wata uku ban gani ba, don haka ban kawo komai ba sai Baffa. Na ɗebi jinina da kaina bayan an tashi aiki, na sa a injin da ke wulwula kwalba har ruwan saman ya rabu, garai-garai kalar man gyaɗa, na haɗa shi cikin na marasa lafiya. Faranti ne mai ƙananan ramuka 96, kowane rami an shafe shi da abin da ke cafke furotin ɗin kaɗai, a ɗiga ruwan jini a jira a wanke a ƙara wani sinadari, sai ramin ya fara yin shuɗi, in aka ɗiga na tsayarwa ya koma ɗorawa, iya yawan furotin iya turuwar kalar. Na yi wannan aikin ya fi sau ɗari amma ranar ramina kawai nake kallo, naga ya fi na kusa da shi kala. Inji ya karanta 41.

Kwana biyu ban faɗa wa kowa ba, har maigidana. Da dare in tashi in yi ta sallah ina lissafin wa zai riƙe Inna. Rana ta uku wata babbar ma'aikaciya da muke kira Anti ta ritsa ni ina kuka a ɗakin ajiye kaya, na miƙa mata takardar. Ta duba, ta dube ni sama da ƙasa, tace "Ke 'yar nan, yaushe rabonki da al'ada?" Ta ja hannuna har ɗakin hoto. Hanta lafiya lau, ga kuma ɗan mutum na wata huɗu yana motsi. Furotin ɗinsa ne yake tsallakowa cikin jinina, abin da na rubuta a jarrabawa da hannuna, amma tsoro ya shafe min shi tas.

Daga ranar na canza yadda nake miƙa wa mutane sakamako. Lambar nan alama ce, kamar hayaƙi ne da ka hango daga nesa, zai iya zama gobara zai iya zama girki, sai an je an duba. AFP yana hawa da ciki, yana hawa in hanta ta kumbura ko ta ƙeƙashe ba tare da daji ba, sannan abin da ya fi tayar min da hankali, akwai masu dajin hanta da yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, da nasu ba ya hawa sam, shi yasa ba'a yarda a dogara da shi ba tare da hoto ba. Sauran gwaje-gwajen jini na neman daji ma haka suke. PSA da ake yi wa maza saboda dajin furostet, wato wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda ake fara sa ido in ya wuce 4, yana hawa ga dattijon da abin ya kumbura masa don tsufa kawai ko ya kamu da ƙwayar cuta. CA-125 na dajin ƙwan mace, wanda aka gano a 1981, yana wuce 35 ɗin da aka sa masa a lokacin al'ada ko ciki ko tarin fuka na ciki. CEA na dajin hanji da aka gano a Kanada a 1965 yana hawa ga mai shan taba. Yawancinsu sun fi amfani wajen bibiyar wanda aka riga aka san yana da ciwon, a ga ko magani na ci ko abin ya dawo. Ina faɗin wannan ne don yanzu ina ganin mutane suna zuwa da kuɗinsu suce a yi musu "gwajin kansa" gaba ɗaya, in ya fito daidai su tafi da murna ko da akwai ƙullutu a nono, in ya ɗan hau kuma su shiga irin kwana biyun da na shiga. Dan Allah likita ya fara ganinka, shi zai ce wanne ya dace da kai.

Da cikin ya kai wata bakwai likita ya duba yawan ƙwayar a jinina ya ɗora ni a kan tenofobir, maganin da ke danne ƙwayar don kar ta tsallaka wa jariri. Na haihu da asuba, kuma ban yarda na runtsa ba sai da naga an yi wa yaron allurar ciwon hanta a cinya, don cikin awa 24 na farko ake so. Inna da ta zo wankan jego tace a kira wanzami ranar suna, nace Inna a kira shi amma da sabuwar reza da zan saya da kaina, beli kuma a bar masa abinsa. Da ya shekara aka gwada shi, ba shi da ita. Na yi sujada a tsakar ɗakin gwajin, ban damu da wa ke kallo ba.

Yanzu ina digiri na biyu kuma a kan gwajin jinin gano dajin hanta nake bincike. Akwai wani furotin, PIVKA-II, da aka daɗe ana amfani da shi a Japan, shi ma hantar da ta kamu da daji ke fitarwa kuma yakan kama wasu da AFP ya tsallake. Akwai lissafin da ake kira GALAD da ke haɗa su biyun da wani reshen AFP da shekarun mutum da ko mace ce ko namiji. A Amurka ma a 2018 masana a jami'ar Johns Hopkins sun gwada haɗa furotin 8 da ɓurɓushin ƙwayoyin gado da daji ke zubarwa a jini don neman daji iri 8 a ɗiba ɗaya. Amma yawancin lambobin nan a jinin mutanen wasu ƙasashe aka tsayar da su, mu kuma namu dajin hantar yana kama mutum yana ɗan shekara talatin da wani abu ko arba'in, ga ƙwaya tun yarinta ga gyaɗa. Ina so in ga yadda suke a jinin manomanmu. Aikin ba sauƙi, kayan gwajin daga waje suke zuwa da dala, ruwan jinin sai an ajiye shi a firiza mai tsananin sanyi, akwai ranar da wuta ta lalace kwana biyu na rasa jinin mutum 23 da na sha wahalar shawo kansu, na zauna a ƙasa na rasa ma me zan ce musu. A ƙauye kuma sai da mai gari da liman suka fara miƙa hannu a gaban jama'a sannan aka daina cewa sayar da jinin nake.

Wanda ya fi ba ni wahala Yaya ne. Ya haura arba'in yanzu, yana da 'ya'ya tara, shi ya riƙe gonar Baffa. Tun gwajin 2014 bai ƙara yarda an taɓa shi ba, in na yi magana yace "Ke dai bar ni, abin da Allah ya rubuta ba allurarki ce za ta goge shi ba." Nasan tsoro ne, shi ya tsaya kusa da ni a ofishin likitan nan. Shekaranjiya da daddare muna zaune a tsakar gida na ɗauko takardar Baffa, ta yi laushi duk ta yayyage a wajen ninki, na haska masa da fitilar waya nace Yaya ka tuna wannan? Bai ce komai ba. Inna tana daga bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa kama sunansa ba don ɗan fari ne, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba, sai ji muka yi tace "Kai wannan, ka ba ta hannun. Na binne ɗaya."

Da safe kafin ya tafi gona ya zo ya zauna a kan turmi ya naɗe hannun riga ya kau da kai. Kwalbarsa ce ta 17 a cikin kular. Ranar Litinin zan sa ta a faranti, kuma ya yi min alkawarin zai shigo Kano a yi masa hoton in ya gama cire gyaɗa.